Dutsen da Ya Iso a Fashe

Hantsakin Matieho ya tsaya cak a kan tiren tsakuwa. Abin da ta tono ya kai ƙwan tantabara, fari tas kamar ƙanƙarar da ke daskarewa a bakin famfo, kuma gefensa ɗaya a shafe yake sumul, yana walƙiya. Shekara goma sha huɗu ke nan tana tsintar lu'ulu'u a wannan ɗaki, hannuwanta cikin safar roba da aka manne a jikin akwatin gilashi, don haka ba sai an gaya mata ba. Lu'ulu'un da ya fito daga ƙasa lafiya, fatarsa a dushe take. Wannan walƙiyar ta sabuwar karaya ce.

"Mme Matieho, kin yi shiru," in ji Puseletso, wadda ke tsinta a akwatin da ke kusa da nata. Mme muke ce wa mace a nan don girmamawa, namiji kuma Ntate. "Ko mijin da nake ta nema ne kika tsinto mini a cikin tsakuwa?"

Matieho ta ajiye hantsakin, ta baza tsakuwar da yatsa. Ga na biyu nan, bai kai na farko ba. Na uku yana can lungun tiren, ya ɓuya ƙarƙashin wani baƙin dutse.

Abin da ta yi bayan nan, ba da tunani ta yi shi ba. Duk mai tsinta yana da wannan ɗabi'ar: in ya ga gutsure biyu sai ya jujjuya su ya gani ko za su haɗu, kamar yadda mace ke gwada bakin tasar da ta fashe alhali ta san ba za ta ɗinku ba. Ta kara na farko da na biyu, suka zauna daram. Ta kawo na uku, ya shige gurbinsa. A tafin hannunta ga dutse guda ya kusa kai ƙwan kaza, da layi biyu sirara a jikinsa. Sai a lokacin ta tuna da kyamarar da ke saman kanta, sai kuma ta tuna wanda ke kan injin fasa dutse tun ranar Litinin. Mijinta ne.

Puseletso ta leƙo, ta kwarara ihu. Shugabar ɗaki ta danna ƙararrawa, ƙofofin ƙarfe suka rufe kansu.

Wanda bai san raminmu ba zai ce mahaukata ne ke haƙa shi. Muna can ƙololuwar duwatsun Lesotho, inda sanyi ke fasa leɓe har a watan da mutanen ƙasa ke kukan zafi. A loda manyan motoci ashirin da dutse, a fasa, a wanke, a tace, abin da zai fito bai cika cokalin shayi ba. Ƙananan nan ko man motocin ba sa biya, balle yanzu da aka ce ana ƙera irinsu a masana'anta ana sayarwa a banza. Manya ne ke riƙe da mu, uku ko huɗu a shekara. Guda ɗaya in ya fito lafiya sai ya ciyar da mutum dubu da iyalansu wata shida. Shi kuwa lu'ulu'u ba burodi ba ne da za a yanka uku a ce kowane yanki sulusi ne. Babba in ya fashe, gutsattsarin duka a haɗe da ƙyar su kai rubu'in abin da zai kawo da yana ɗaya.

Wata bakwai ke nan babba bai fito ba. An rage nama a ɗakin cin abinci, an tsayar da motoci shida, kuma kowa ya ji cewa akwai takardar sunayen waɗanda za a sallama a ƙarshen wata, ko da yake ba wanda ya gan ta da idonsa. Mutane sun daina gaisawa da dariya. Ko limamin cocin da ke hawowa ranar Lahadi ya koma roƙon Allah ya ba mu dutse, ƙiri-ƙiri, ba kunya.

To ga dutsen ya zo. Ya zo a uku.

Masu tsaro suka shigo, aka ɗauki hoto, aka auna, aka rufe gutsattsarin a gwangwanin ƙarfe. Aka kai matan ɗakin bincike ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, a tuɓe, a buɗe baki, a ɗaga harshe, a warware kitso. Matieho ta yi duk wannan ba ta san tana yi ba. Hankalinta yana kan yammacin Litinin, a bayan ɗakin wanki, inda mijinta Motebang ya tsayar da ita yana ta waige-waige.

Ya ce mata Ntate Phafoli, shugaban sashen injuna, ya zo ya same shi a kan injin ya ce ya matse bakinsa. In an matse bakin injin, dutse yana fitowa a niƙe sosai, ƙananan lu'ulu'un da ke maƙale a ciki su saki, lissafin wata ya yi kyau a idon masu kamfani. Amma babba ba zai wuce ta matsattsen baki lafiya ba, wannan ko mai shara ya sani.

"Na ce masa, Ntate, in babba ya zo fa? Ya ce wata bakwai bai zo ba, sai wannan makon zai zo don ya ga kyakkyawar fuskata? Na ɗauko littafin aiki zan rubuta, ya dafe shi da hannu. Ya ce kwana huɗu ne kawai, ba sai an rubuta ba."

"Kuma ka matse?"

"Sunana a hannun wa yake, Matieho? Shi zai kai sunayen sashenmu."

Maganar ma bai kamata ta ji ta ba. Duk shekara ita da shi suna sa hannu a takarda cewa mai tsinta da mai injin ba za su yi zancen aiki ba, ko da gado ɗaya suke kwana. Wanda ya karya, kora ce nan take, su biyun, ba sallama ba komai. Shi ya sa ma a sansanin ma'aikata ɗakunansu daban-daban, sai in sun sauka gida hutun mako biyu suke zama mata da miji.

Da aka sake su ƙarfe ɗaya saura, labari ya riga su isa ɗakin cin abinci. Tun daga nesa ta jiyo waƙa. Maza sun tsaya a kan benci da barguna a kafaɗa suna buga hulunan kwano a tebur, masu dafa abinci suna rangaɗa guɗa da ludayi a hannu. Tana shiga aka yi kanta. Wani direba da bai taɓa gaishe ta ba ya kama hannunta biyu yana jijjigawa.

"Uwarmu! Hannun nan a sa shi a gilashi a ajiye!"

"A gilashi yake wuni ai, sakarai," in ji Puseletso. "Ku matsa ku ba ta wuri, yau ba ta bin layi. A zuba mata nama biyu, ni ma biyu, ni na fara ihu."

Su ba ruwansu da fashewa. Abin da suka sani shi ne ramin bai mutu ba, har yanzu yana haihuwa. Matieho ta karɓi farantin papa, tuwon masararmu, da ganye tana murmushin dole, idonta yana yawo. Ta hango Motebang can ƙarshen ɗaki shi kaɗai, kusa da taga, bai cire hular kwanonsa ba. Mutanen sashensa, waɗanda kullum suke cin abinci tare suna yi masa tsiyar sanƙo, yau duk sun sami wasu wuraren zama.

Ta zauna a gabansa. Wani mai tsaro yana jingine da bango, taku biyar tsakaninsu.

"Ntate, ba ka ci ba."

"Na ƙoshi." Ya jujjuya cokali a cikin papan da ya sandare. "An ce ke kika haɗa su."

"Hannuna ne ya yi. Na rantse maka ban..."

"Na sani. Da ba ki haɗa ba wani zai haɗa a birnin Maseru." Ya yi ɗan murmushi wanda ya fi kuka ciwo. "Sun auna bakin injin ɗazu. Sun duba littafi. Ƙarfe biyu zan miƙa katina, wai in jira a ɗaki har a gama bincike."

"Ka gaya musu."

"Na gaya musu. Phafoli kuma ya ce bai taɓa taka wurin ba ranar Litinin. Ya ce ma abin ya ba shi mamaki, mutum mai shekara ashirin a kan inji." Ya sassauta murya har sai da ta sunkuyo. "Za su kira ki. Ki saurare ni da kyau, uwar Tieho. Ba ki ji komai ba, ba ki san komai ba. Ɗan namu shekara ɗaya ta rage masa ya gama karatu. Dole ɗayanmu ya zauna a kan dutsen nan."

"Su ce kai ka fasa shi don ganganci? Ka san abin da ke biyo bayan wannan. Ba rami a ƙasar nan ko a ƙetare da zai sake ɗaukarka."

"In koma kiwon tumakin babana. Dama sun fi mutane kunya." Ya miƙe, ya gyara bargonsa. "Ci abincinki, ana kallonmu."

Ta bi shi da ido har ya fita. Tafiyarsa ta zama ta tsoho tsakanin safe da rana. Tsoro ya kama ta, kuma ƙarƙashin tsoron akwai haushin kanta, don da ta bar gutsattsarin nan a warwatse da wataƙila an kwana biyu kafin a gane, wataƙila Phafoli ya sa an buɗe bakin injin a ɓoye, wataƙila abin ya bi ruwa. Ta san ƙarya take yi wa kanta, amma ta ci gaba da yi.

Ƙarfe uku da rabi aka aiko a kira ta ofishin babban manaja. Ba ta taɓa hawa benen nan ba. Matakala goma sha takwas ce, ta ƙirga su. A ciki akwai ɗumi, har da darduma. Babban manaja yana zaune a bayan tebur, fuskarsa a sake kamar wanda aka sauke wa kaya. A damansa Ntate Ramaisa ne, shugaban masu tsaro, tsohon ɗan sanda, mutumin da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. A hagunsa kuwa Ntate Phafoli, da sabuwar rigar sanyi, da wani koren littafi a kan cinyarsa. Shi ya fara miƙewa ya ja mata kujera.

"Zauna, Mme, zauna. Yau ke ce babba a nan."

Babban manaja ya ce nauyin dutsen karat ɗari uku da sittin da ɗaya ne in an haɗa, kuma irin farin da ba a samu ba shekara biyar. Ya ce ya yi waya da masu kamfani. Da ya fito guda, da an yi shekara ba a waiwayi kowa ba. A yadda yake ɗin ma, babban gutsuren zai riƙe mu zuwa bayan sanyi, kuma tunda an ga gefen ramin da ya fito, sun yarda a ci gaba da haƙa can. Takardar sunaye an jingine ta.

"Ba wanda za a sallama," in ji shi. Ya ɗan yi tari. "Sai dai masu kamfani suna son sanin yadda aka yi asarar da aka yi. Dole mu nuna musu an gano inda matsalar take, an kuma cire ta. Ntate Ramaisa yana da 'yar tambaya, ta ƙa'ida ce kawai."

Ramaisa bai ɗago daga takardarsa ba.

"Motebang Sekoala mijinki ne."

"E, Ntate."

"Ya ce umarni aka ba shi da baki ya matse injin. Ba shi da shaida. Ko ya taɓa yi miki wannan magana kafin yau?"

Phafoli yana kallonta da fara'a, kansa a karkace, irin kallon da ake yi wa yaro ana jiran ya yi karatun da aka koya masa. Ya san dokar takardar nan sarai, ai shi ke karɓar ta Motebang duk shekara. Ta tuna Tieho da takalminsa da ya ɓule, ta tuna rufin gidansu da suka yi rabi suka tsaya, ta tuna muryar mijinta yana cewa dole ɗayanmu.

"A'a, Ntate. Ba ma zancen aiki."

Ramaisa ya rubuta. Kalma huɗu ko biyar, ya ja layi a ƙarƙashi. Shi ke nan, an gama da Motebang, shekara ashirin ta tafi a layi ɗaya. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Madalla," in ji babban manaja, ya tafa hannu sau ɗaya. "Yanzu sai abin daɗi."

Al'adar raminmu ce tun zamanin waɗanda suka fara haƙa shi da diga: duk dutsen da ya haura karat ɗari, wanda ya tsinto shi ne ke raɗa masa suna. Shugaban injuna ya rubuta a koren littafi da hannunsa, kuma da wannan suna za a kai shi kasuwa a Turai, da shi jaridu za su kira shi. An yi Tauraron Maloti, an yi Hawayen Sarauniya, an yi wata da ta sa wa nata sunan akuyarta don ta ba manya haushi, kuma haka aka sayar da shi. Ba a taɓa hana kowa sunan da ya zaɓa ba. Ma'aikata sun yarda cewa ranar da aka hana, ramin zai rufe bakinsa, kuma manajojin da ke dariyar wannan magana ba wanda ya taɓa gwadawa.

Phafoli ya buɗe littafin a kan tebur, ya cire murfin alƙalami.

"To, Mme, me za mu ce? Wani abu mai daɗi, wanda Turawa za su iya faɗa. Albarka? Ceto? Ai ya cece mu."

Matieho ta kalli hannunsa. Hannu ne mai tsabta, da zoben aure, da farce a yanke. Ta ga yadda ya shimfiɗa tafinsa a kan shafin don ya danne shi, sai ta ga wannan tafin a kan wani littafin, ranar Litinin, a gefen inji. Ta san in ta buɗe baki ba ita kaɗai za ta biya ba.

"Motebang," ta ce.

Alƙalamin ya tsaya a sama.

"Mme?"

"Sunansa Motebang. Shi ya fara taɓa shi kafin ni."

Phafoli ya yi 'yar dariya, ya dubi babban manaja. Babban manaja ya dubi silin. Ba wanda ya zo masa da taimako.

"Mme Matieho, ki yi tunani. Sunan nan duniya zai zaga. Mutumin da ake bincike a kansa... za a yi ta tambaya, wane ne shi, me ya sa. Ki je ki kwana da shi, gobe a rubuta. Ba sai yau ba, ba gaggawa."

Matieho ta girgiza kai.

"A'a, Ntate. Wannan karon ka rubuta."

Ta ji abin da ta faɗa bayan ya riga ya fita. Ramaisa, wanda ya riga ya rufe fayil ɗinsa ya sa alƙalami a aljihu, ya ɗago kai a karo na farko tun shigowarta. Ya dube ta, ya daɗe. Sannan ya juya a hankali ya dubi Phafoli, wanda wuyansa ya fara sheƙi da gumi.

"Wannan karon?" in ji Ramaisa.

Daga ƙasa ana jiyo sauran masu waƙa suna tafiya wajen motocin sansani, da muryar Puseletso a sama da ta kowa. Ramaisa ya sake zaro alƙalaminsa, ya buɗe fayil, ya nemo layin da ya ja ɗazu ya soke shi.

"Mme, kin san abin da takardar da kika sa wa hannu ta ce?"

"Na sani, Ntate."

"To. Mu koma ranar Litinin."

Matieho ta cire katin aikinta daga wuya ta ajiye a kan tebur, kusa da koren littafin. Ta gyara zama ta fara.